Toka da Kwanso: Ɗurin Bindiga da Shurinta a Hannun Maharban Giwa Tazo

A ƙasar Maiyama, da zarar an kwashe gero da dawa, ciyawa ta bushe, daji ya buɗe, sai maharba su fara fito da kayan aikinsu suna gogewa. Daga Giwa Tazo zuwa Andarai da Mungadi, har ka gangara fadamun Jega inda Gulbin Zamfara ke malala, bindiga iri biyu za ka gani a kafaɗar mutane. Akwai bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, ƙirar maƙerin gida, da ake ɗura mata albarushi da dalma ta baki. Akwai kuma bindigar kwanso, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karya ta a tsakiya a zura mata harsashin da aka riga aka haɗa a masana'anta. Kowace tana da masoyanta, kuma gardamarsu ta fi zafi a kan abu biyu: abin da ake ɗura wa bindiga, da shurin da take yi wa mai ita idan ta tashi.

Ƙa'idar shuri ɗaya ce ga kowace bindiga a duniya, ta maƙerin ƙauye ce ko ta kamfanin Landan. Ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ya turo bindiga baya. Idan dalma ta ƙara nauyi, shuri ya ƙaru. Idan gudunta ya ƙaru, haka nan. Albarushin kansa ma yana da nauyi, kuma hayaƙinsa da ke fita ta baki yana ƙara nasa turin. Abin da ke rage shi daga ɓangaren bindiga shi ne nauyin jikinta. In aka yi wa bindiga biyu ɗuri iri ɗaya, ɗaya ta ninka 'yar'uwarta nauyi, to mai nauyin rabin dukan kawai za ta yi wa kafaɗa. Saboda haka mai neman bindiga shafal don ta yi masa daɗin saɓawa a yawon daji, ya kwana da sanin cewa sauƙin da ya samu a tafiya zai biya shi ranar harbi.

Ba haka siddan bindigar toka ta zama ta talaka ba. A taron da ƙasashen Turai suka yi a Burasels a 1890, sun ƙulla yarjejeniyar taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma suka bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushin fatauci. Irin waɗannan ne maƙeranmu suka kwance, suka duba, suka ƙware wajen gyarawa da ƙerawa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta bi wannan sawun: ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a aji guda, lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, ta sa bindigar kwanso ta farauta a wani aji da ke buƙatar izinin Sufeto Janar. Ɗaya ta zauna kusa da hannun manomi, ɗayar kuwa ta daɗe tana hannun ma'aikaci da attajiri da basarake kafin ta sauko ƙauye.

Babbar falalar toka ita ce ɗurinta a hannun mai ita yake. Ka tsaya kusa da tsohon maharbi yana ɗuri ka ga aiki. Zai kafa gindin bindiga a ƙasa, ya kawar da bakinta daga fuskarsa, ya zuba albarushi daga ƙaho ko 'yar gora, ya tura tsumma a kai, ya danna da sanda har sai ya ji abin ya zauna daram. Sannan dalma ta biyo, sannan wani tsumman ya toshe don kada ta zube a tafiya. Daga ƙarshe ya sake zura sandar, ya aza yatsunsa a kan abin da ya rage a waje, ya ƙirga. Da wannan ƙirgen yake sanin abin da ke cikin bututun. In zabin daji ko fakara yake nema, ya rage albarushi ya zuba ƙananan 'ya'yan dalma masu watsuwa. In gada ce ko barewa, ya sa manya. In gadu ne ya dame shi a gonar rogo, ya sa dunƙule. Bindiga ɗaya, aiki uku, kuma bai je kanti ba.

Mai kwanso ba shi da wannan 'yancin a hannunsa, sai dai a aljihunsa. An riga an auna masa komai, an rufe. Bindigar da ta fi yawa a nan ita ce mai lamba 12, faɗin bakinta wajen milimita 18 da rabi, kuma kwanson da aka saba gani yana ɗauke da dalma tsakanin giram 28 zuwa 36. Abin da zai iya zaɓa shi ne girman 'ya'yan da ke ciki, in ya samu a kasuwa, in kuma yana da kuɗin. Amma abin da ya rasa na 'yanci ya same shi a wajen tabbas. Harbin yau daidai yake da na jiya, shurin safe daidai yake da na yamma. Kafaɗarsa ta san abin da ke zuwa, idonsa ya san inda dalma za ta sauka a taku talatin, domin abin bai taɓa canja masa ba. Mai toka kuwa, ko da gwani ne, albarushin da ya sayo wannan makon ba lalle ya yi ƙarfin na wancan ba, kuma raɓa ko damina na iya kwantar da shi ya ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan dabba ta gusa.

Shi wannan 'yanci na toka shi ne kuma ramin da mutane ke faɗawa. Hannun da ke iya ragewa yana iya ƙarawa, kuma zuciyar saurayi kullum ƙari take so. Ana ganin bindigar da ta fi ƙara ita ta fi kisa, ana alfahari da wadda in ta tashi sai an ji ta a ƙauye na gaba. Alhali bututun yawancin bindigogin gida bututun ruwa ne ko wani ƙarfen mota da aka samu, ba a ƙera shi don ɗaukar wuta ba, ba a kuma gwada shi a ɗakin gwaji kamar yadda dokar Ingila ta tilasta wa maƙeran Barmingam ba. Ƙarfen yana gajiya a ɓoye, tsatsa tana cin sa daga ciki saboda tokar albarushi mai jawo danshi, har ranar da zai tsage a daidai inda hannun hagu ke riƙe. Mafi muni shi ne a farke kwanso a zuba garinsa cikin bindigar toka don neman ƙarfi. Garin kwanso wani abu ne dabam, matsinsa ya fi ƙarfin irin wannan bututun nesa ba kusa ba, kuma wanda ya yi hakan yana caca ne da yatsunsa da idanunsa.

Akwai kuma hatsarin da bindigar da ake ɗurawa ta baki kaɗai ke da shi, wato ɗuri a kan ɗuri. Wannan bai bar ko manyan maharban duniya ba. Frederick Selous, Baturen Ingila da aka sa wa wani babban gandun dajin Tanzaniya sunansa, ya fara farautar giwa a kudancin Afirka a shekarun 1870 da bindigogin da ake ɗurawa ta baki, masu jefa dunƙulen dalma na kwatan laba, wato wajen giram 113. Wata rana bindigar ta ƙi tashi, ya miƙa wa mai riƙe masa, shi kuma cikin gaggawa ya sake ɗura mata a kan na farko. Da Selous ya harba, sai ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, ƙotarta ta farfashe, kumatunsa ya tsage, kafaɗarsa ta daɗe ba ta ɗaguwa. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa dukan da ya sha a hannun waɗannan bindigogi ya taɓa natsuwarsa a harbi tun daga wancan lokacin. Da bindigar kwanso wannan kuskure ba ya yiwuwa ta wannan hanyar, domin kana karya ta za ka ga abin da ke ciki da idonka.

Kada mai kwanso ya yi saurin murna, domin tasa ma tana da nata aibin. Bindiga mai baki ɗaya ta kasuwa sau da yawa ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙotarta siririya ce, gindinta katako ne tsura ko roba mai tauri. A sa mata kwanso mai nauyi, sai ta yi shurin da ya fi na tsohuwar adaka mai dogon bututu zafi. Maharban da suka riƙe duka biyun suna bambanta su da cewa toka turi take yi, kwanso kuwa naushi. Sannan yanzu akwai bindigogin kwanso ƙirar gida, waɗanda suka haɗa raunin bututun toka da matsin garin masana'anta, kuma a ganina su ne suka fi kowace hatsari. Ga kwanson da aka sake cikawa a bayan fage ana sayarwa a matsayin sabo, wanda ya rusa tabbas ɗin da aka sayi bindigar dominsa.

Ta fuskar jure shuri, darasin ɗaya ne ga ɓangarorin biyu, sai dai kowa da inda ya fi yin sakaci. Gindin bindiga a naman kafaɗa ake kafa shi, a matse, ba a kan ƙashi ba, ba a kan dantse ba. In aka bar 'yar tazara tsakanin katako da jiki, bindiga ta samu filin gudu kafin ta iso, turi ya koma duka. Kumatu a manne da ƙota, ƙafar hagu gaba, jiki ya ɗan rusuna gaba don ya tafi tare da shurin ya dawo. Wanda ya jingina bayansa da itace ko ya kwanta rub da ciki ya harba babban ɗuri, ya hana jikinsa ja da baya, ƙashi ne zai karɓi abin duka. Masu ɗorin Aliero, waɗanda sunansu ya kai har ƙetaren Nijeriya, suna iya haɗa ƙashin da ya karye, amma yatsan da bututu ya tsinke babu mai mayar da shi, haka kuma jin da ƙarar bindiga ta cinye a hankali. Wasu masu toka, saboda tsoron fashewar bututu da tartsatsin da ke tashi kusa da ido, sukan miƙa hannu su nesanta bindigar da fuska, su kau da kai, su harba. Tsoronsu yana da dalili, amma harbin da aka yi ido a rufe sa'a ce kawai.

Wannan kau da kai shi ne ainihin ɓarnar shuri, ya fi kumburin kafaɗa illa. Jikin da ya sha duka yana koyon zabura tun kafin yatsa ya gama jan kunama, bakin bindiga ya sunkuya, dalma ta sauka a ƙafar dabba ko a cikinta. Dabbar ta tsere da rauni ta je ta mutu a wani kurmi, ba a yanka ba, ba a ci ba, an azabtar da ita a banza. Na taɓa tambayar wani dattijo a yankin, wanda ya tsufa da adaka a hannu, me ya sa ɗurinsa bai kai na samari ba. Ya ce, "Ɗana, wagga ba ta cin amanar kowa sai wanda ya ci tata. In ka cika ta, kai za ta fara harbi kahin nama." Na ce, "To Baba, in gadu ne fa?" Ya ce, "Sai ka matsa kusa."

Kakanninmu da suka fuskanci giwa sun san bindigarsu ba ta da ƙarfin fasa ƙashin kanta, kuma ba su nemi mafita wajen cika albarushi kaɗai ba. Sango suka yi, wani gajeren mashi da ake shafa wa dafin kwankwani a zura a bakin bindiga a harba daga kusa, sannan a bi sawu har dafin ya yi aikinsa. Turawa kuwa hanyar ƙarfe suka bi. Bayan an samu garin da ba ya hayaƙi a shekarun 1880, kamfanin John Rigby ya fito da harsashin .450 Nitro Express a 1898, manyan bindigogin albarushi irin na Selous suka zama tarihi. Daga nan gardamar tasu ta koma tsakanin nauyi da gudu, kuma tana da amfani a gare mu domin su sun auna komai da lissafi.

Ɗauki harsasai biyu da suka fi shahara a farautar manyan namun Afirka. Na farko .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland ya fitar a 1912: nauyinsa wajen giram 19 da rabi, gudunsa kusan mita 770 a daƙiƙa. Na biyu .458 Winchester Magnum na 1956: wajen giram 32 da rabi, gudunsa kusan mita 650. Ƙarfin da na biyun ke fita da shi daga bakin bindiga ya ɗara na farkon da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Amma in nauyin bindigogin ɗaya ne, dukan da yake yi wa kafaɗa ya ɗara da fiye da rabi. Wato ƙarin da dabba ke ji kaɗan ne a kan ƙarin da maharbi ke ji. Shi ya sa ƙwararrun masu rakiyar farauta a gabashi da kudancin Afirka suka fi son baƙo ya zo da .375 da yake iya saitawa, su kuma su riƙe babbar don tsayar da ɓauna ko giwar da ta taso a taku goma. Kowace da wurinta: babbar ta tsayar da abin da ya riga ya lalace, matsakaiciyar ta hana shi lalacewa tun farko.

Can ɗaya gefen kuma akwai Walter Bell, ɗan Sikotilan da ake wa laƙabi da Karamojo. Ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na ashirin, kusan 800 daga ciki da ƙaramar bindigar .275 Rigby mai harsashin giram 11 kacal. Ya tsaga kawunan giwaye ya koyi inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa, ya zaɓi bindigar da ba ta sa shi ƙyafta ido. Ba na kawo wannan adadi don yabo. Ɓarna ce irin wadda ta share giwa daga ƙasashe da dama, kuma wasu da suka kwaikwaye shi ba tare da iliminsa ba sun bar dabbobi da rauni, wasu sun rasa rayukansu, har ƙasashe da yawa suka sa doka cewa kada a tunkari manyan namun daji da abin da bai kai .375 ba. Abin da labarinsa ke tabbatarwa kawai shi ne wurin da harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci.

Mu a nan ma tambayar ta sauya, domin dajin ya sauya. Giwa tana ƙarƙashin kariyar dokar namun da ke fuskantar ƙarewa ta 1985. Da wasu giwaye suka ɓullo a yankin Bagudo da Koko/Besse a 2018, gwamnan jihar na lokacin, Atiku Bagudu, kira ya yi a kare su, mutane kuma suka yi ta tururuwa zuwa kallo, domin da yawa ba su taɓa ganin giwa a tsaye ba. Ɓauna sai a gandun daji irin na Kainji da Yankari, dorina sai can Kogin Kwara wajen Yawuri, ita ma ba abin da mutum zai tunkara da ra'ayin kansa ba ce. Abin da ya rage wa maharbin Giwa Tazo shi ne zomo, gafiya, zabo, fakara, dinya da kirinjijiya a fadama, sai gada in an yi sa'a, da gadu da biran da ke ɓarna a gona. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar ɗurin da zai jefar da mutum. Wanda ya cika bindiga don zomo, naman ma lalata shi zai yi.

Inda toka ta yi wa kwanso fintinkau shi ne kuɗi da gyara. Kunamarta ta karye, maƙerin unguwa ya gyara kafin la'asar. Ƙotarta ta tsage, masassaƙi ya yi wata. Kuɗin kwanso ɗaya yana iya yin ɗurin toka da yawa, kuma samun kwanso ta halastacciyar hanya ya ƙara wuya tun da matsalar tsaro ta sa hukuma ta ƙara matsa lamba a kan lasisi. Ga shi ita ce bindigar hawan salla da tarbar sarki, wadda 'yan bindiga ke cika da albarushi zalla su tayar da hayaƙi a gaban fada. Kwanso ba ta da wannan gurbi a zuciyar mutane, kuma ba na jin za ta samu. Inda kwanso ta yi fintinkau kuwa shi ne harbi na biyu. Mai baki biyu yana da wani a shirye nan take idan na farko bai gama aiki ba, mai toka kuwa sai ya tsaya ya sake ɗuri, hayaƙi ya rufe masa gaba, dabba mai rauni ta yi nisa ko ta juyo kansa.

Da aka jera su haka, ni ina ganin a kan ɗuri da shuri kwanso ce gaba, muddin bindigar ta masana'anta ce mai ɗan nauyi, kwanson kuma na gaskiya ne. Dalilina ba ƙarfi ba ne, domin toka ma tana kashe duk abin da ya rage a dajinmu. Dalilina shi ne awo: ɗurin da ba ya canjawa shi ne kafaɗa ke sabawa da shi, wanda kafaɗa ta saba da shi kuma shi ido ke iya tsayawa a kai. Amma mafi yawan maharbanmu ba za su bar toka ba, kuma ba ni da bakin cewa su bari, tun da ita aljihunsu ke ɗauka. Abin da nake roƙon sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin maharba a Maiyama da Jega da Aliero shi ne su ɗauko wannan falala guda ta kwanso su dasa ta a cikin toka. Kowace bindiga ta samu ma'auninta na albarushi da maƙerin da ya ƙera ta ya yanke mata, a daina zubawa da tafin hannu. A yi wa sandar ɗuri zane a inda take tsayawa in bututu fanko ne, don kowa ya gane ko da ɗuri a ciki kafin ya ƙara wani. A wanke bututu bayan kowace fita, a ajiye wanda tsatsa ta ci. Duk saurayin da aka kama ya zuba garin kwanso a adaka kuwa, a karɓe bindigar a hana shi fita farauta a wannan shekarar.